Ranar da Na Kai Kalangu Ƙofar Gidan Habu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga Ajingi da mai kalangu a bayan babur ba. Na yi dako a tasha, mota ta taɓa kifewa da ni, na kwana a daji. Duk ba su hana ni sukuni ba. Wannan ta hana.

Muna da ƙungiyar manoman gyaɗa, mutanen Gaya da na Ajingi. Sakatarenmu, Malam Sale, ya buɗe mana shafi a intanet inda ake rubuta labarinmu: wa ke da iri mai kyau, yaushe za mu fitar da kaya, wa aka yi wa haihuwa. Kowa na iya shiga ya gani. Sai muka lura dillalai na karantawa, kafin mu isa kasuwa sun san abin da ke rumbunmu.

A taro Malam Sale ya ce ana iya rufe shafin, a ba kowane ɗan ƙungiya lambar sirri. Ni ba mai magana ba ne, amma ranar na miƙe.

"A rufe. Kuma kowa ya rantse ba zai nuna wa bare ba."

"Har iyalin mutum, Yaya?" in ji Malam Sale.

"Su ne ma na farko."

Aka rantse. Ni na fara. Sai da na hau babur na tuna (ku yi dariyarku, na yafe) ni ban iya karatun boko ba. Matata Hajara ke karanta min shafin kullum muna shan koko, ni kuma in je taro in maimaita kamar da idona na gani. Babu wanda ya sani.

Da na faɗa mata, cewa ta yi, "To Maigida, Allah ya ba da sa'ar karatu." Ta ɗauke kwanonta.

Zama ya gagare ni. Lamba na sani, sai in danna in shiga, in zuba wa rubutu ido, in rufe, in fita ƙofar gida, in dawo in sake buɗewa. In na tambayi ɗan ƙungiya, asirina ya tonu. In na miƙa wa Hajara, na karya rantsuwa. Sai na koma bin hotuna.

Ran nan na ga hoton Habu, ɗan ƙungiyarmu na Ajingi, da dogon rubutu a ƙasa. Na san Asabar za a ɗaura masa aure. Na ce tuni ne ake yi. Ranar Asabar na sa babbar riga, na ɗauko mai kalangu, na ce masa da mun shiga layin ya fara, kada ya tsaya sai na ce.

Muka tarar da Habu a kan tabarma da dattawa da Malam Sale. Ba rumfa, ba tukwane (ya kamata in gane, amma kiɗa na bayan kunnena). Na sauka na daki kafaɗar Habu.

"Ango ka sha ƙamshi. Ina amaryar?"

Habu ya sunkuyar da kai. Malam Sale ya jawo ni gefe.

"Yaya, an fasa auren. Iyayen yarinyar sun dawo da kaya. Na rubuta a shafi, har na roƙi kada kowa ya tayar masa da zancen. Ba ka karanta ba?"

"Na karanta."

"Me ka karanta?" Ya miƙo min wayarsa.

Na riƙe ta ina kallo. Mai kalangu na ta kiɗa, don ban ce ya tsaya ba. Dattawa suka zuba min ido. Ko dai in zama mugun da ya karanta kuma ya zo tsokana, ko in faɗi gaskiya.

"Ban iya ba," na ce. "Hajara ce ke karanta min."

Habu ne ya fara dariya, har da hawaye. Ya ce tun da abin ya faru bai yi dariya ba, in zauna in sha ruwa. Ban zauna ba.

Shafin yana nan a rufe. Malam Sale yanzu yana haɗa kowane rubutu da saƙon murya, sai ga shi mu da ba mu iya karatu ba muna da yawa ashe, kowa ya yi shiru da nasa. Ni dai na koyi abu ɗaya: in ana kafa doka mai tsanani a taro, in bari wani ya fara rantsuwa, ni kuma in je gida in yi shawara tukuna.