Baƙi Goma Sha Bakwai a Ƙofar Mero

"Lafiya lau, amarya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ina wuyar hanya, ina... Af! Ashe kai na. Da na san kai na da ban ɓata gaisuwata ba."

Halliru ya jingine kekensa jikin danga, ya durƙusa gaban kakarsa yana dariya. Dogon hutu ne na shekarar 1964, damina ta kai tsakiya. Shi ɗalibi ne a jami'a can Zariya, iyayensa na zaune Tambuwal, ita kuwa Mero, mahaifiyar uwarsa, tana Kebbe. Tun bayan sallar asuba ya taso, bai iso ba sai gab da azahar, taɓo har gwiwa. Ya tarar da ita bakin ɗaki tana tsinkar rama a faifai.

"An ce mini ka zo hutu tun watan jiya," in ji Mero. "Nac ce ƙarya ta, mijina in ya sauka nan shika fara zuwa. Ashe ni ka ƙarya."

"Hanya ce ba kyau."

"Yau ta yi kyau ke nan? Ruwa ba shi tsami banza, maigida. Faɗi abin da kaka so."

"Wallahi kewarki ce ta hana ni barci."

"Kewa da takarda cikin aljihu? Ga ta nan ta leƙo tana gaishe ni."

Halliru ya ga ba mafita, ya zaro takardar ya warware. Ya yi mata bayani: su abokai ne a makaranta, kowane dogon hutu ɗayansu kan gayyaci sauran garinsu, a yi kwana biyu ana yawon buɗe ido. Bara sun je Jos, bara waccan Ilori. Bana shi abin ya faɗo wa, kuma mutum goma sha bakwai ke tafe.

"Ni ne ma magatakardan ƙungiyar," ya ce, yana gyara wuyan riga.

"Magatakarda! Kai da dinyar ƙanena Almu tak kora har cikin akurkin kaji?"

"Ba dinya ɗaya ba ce, runduna ce. Kuma ba gudu na yi ba, dabarar yaƙi ce."

"Awo. Shi ya sa munka jawo ka ta ƙafa, kana kiran inna. To karanta mu ji, magatakardan akurki."

Ya yi gyaran murya. "Ranar Juma'a, sauka a Tambuwal, kwana a ajin makaranta. Ranar Asabar da hantsi, motar Ɗanmaliki za ta kawo mu bakin gulbin nan naku. Daga nan a shiga jirgi, a tsallaka, a ga fadama da masunta. Ƙarfe ɗaya, cin abinci a bakin gulbi. Bayan la'asar, komawa Tambuwal."

"Wagga Hausa taka ta akwatin rediyo, sai na riƙa tace ta kamar kamu. Mi za a ci?"

"Burodi da shayi da kifin gwangwani."

Mero ta ajiye faifai. "Kifin mi?"

"Na gwangwani. Daga Turai ake kawo shi."

"A bakin gulbi? Ga rajiya, ga giwan ruwa suna kallonku, ku kuna buɗe kifin da ya mutu tun ba a ba mu mulkin kai ba? Wallahi har kwaɗi sai sun yi muku dariya."

"Ke ba ki san zamani ba. Shi wannan ba shi da ƙaya."

"Kai ma ba ka da ƙaya, ga ka nan langaɓaɓɓe. Abin da sunka ciyar da kai ke nan ka koma kamar sillen kara. Ni da anka ce an ba ni miji, ashe tsinken sakace anka ba ni."

"Ilimi ne ya cinye naman."

"Da ya bar muna ko na miya. To ni mi nawa ciki?"

"Abu uku. Aron tabarmi shida. Aron babbar tukunyar nan taki ta biki, a dafa shayi. Na uku, ki yi wa Almu magana ya ba mu jirginsa. Ƙanenki ne, ke kaɗai yake jin tsoro a duniya."

"Tukunyata da ta dafa tuwon sunan uwarka, ita za a dafa ruwan bunu ciki? Allah shi kiyashe ta da wanga wulaƙanci." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, "Sake karantawa."

Ya sake karantawa tun daga Juma'a har la'asar ɗin Asabar.

"Kunnena ya tsufa. Ban ji inda kac ce Mero ba."

"Ai takardar ba ta da fili."

"Ga fili nan ƙasa, har akuya ta yi kiwo. Hanyar gulbi ta ina tab bi?"

"Ta... bayan dangar nan."

"Ta bayan dangag ga. Mutum goma sha bakwai za su wuce bayan ɗakina, bisa tabarmina za su zauna, cikin tukunyata za su sha, jirgin ƙanena za su hau, amma ba za su leƙo su ce sannu tsohuwa ba."

"Kishi nake yi, amarya. Samari ne, wasu har da tabarau. In suka gan ki, wa zai bar mini ke?"

"Wannan kam ka yi gaskiya. Ran da anka kawo ni gidan kakanka, kasuwar Kebbe watsewa tay yi, kowa na son shi gan ni."

"An ba ni labari. Hadari ne ya taso, kowa ya kwashi kayansa."

"Hadarin ma ni yaz zo kallo."

"Shi ya sa ya fashe da kuka."

Mero ta ɗaga muciyar da ke gefenta, Halliru ya ja da baya da gwiwa yana kare kai. Ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta. Ya miƙa mata moɗa ta kurɓa. Da ta ajiye, sai ta ɗauki ganyen rama tana juyawa a hannu.

"Halliru."

Ya ɗago. Ba kasafai take kiran sunansa ba.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kunyata kaka ji, faɗa mini. Ɗiyan manya na, sun saba da soro da fitilar lantarki. Ni ɗakin ciyawa gare ni da haƙori fuɗu. In shi na, ba ni jin haushi. Ka ɗauki tabarmi, ni in shige ɗaki har ku wuce."

"Subhanallahi! Kaka, wa ya faɗa miki haka?"

"Takardarka."

Halliru ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin gwiwa.

"Ba wanda bai san ki ba cikinsu," ya ce. "Kullum aka zauna hira sai na ba da labarinki, har sun gaji. Akwai wani ɗan Yola da ya ce shi ba gulbi zai zo gani ba, ke zai zo gani. Amma inna ta faɗa mini bara ruwa ya cinye miki shinkafa, kuma rumbunki ya yi ƙasa tun kafin shuka. Yanzu ko gero bai fid da kai ba. Ni kuwa na san halinki. In na kawo miki mutum goma sha bakwai, sai kin share rumbun nan tas, kin yanka akuyar can guda ɗaya da ta rage miki. Mu mu hau mota mu tafi muna santi, ke ki zauna da rama har kaka. Abin da nika gudu ke nan."

Mero ta dube shi, ta dubi akuyar da ke ɗaure a turke tana tuƙa.

"Kin ji, Ƙyalla? Ashe kina da lauya."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma na bar wasa. Matso in gaya maka abin da ba a koya muku Zariya." Ya matso. "Shekara arba'in da wani abu nika zaune gidan ga. Ba a taɓa yin baƙo unguwar ga ban aika akushi ba. Da anka kawo amaryar gidan Na'iya daga Jabo, kwana bakwai tuwona na shiga gidan. Da liman ya yi baƙi daga Gwandu, ni nid dama musu fura. Da mijin Ummu ya dawo Makka, kaji biyu nay yanka. Ban taɓa ƙorafi ba, don haka anka tarar ana yi. Amma ni, tun rasuwar kakanka, wane baƙo niy yi? Kai na, kai kuwa ko kare ba shi yi maka haushi. Matan unguwa har cewa suka yi, Mero, yaushe za mu rama? Yau Allah ya kawo mini baƙi goma sha bakwai, daga Yola, daga Ilori, 'yan jami'a, sannan kai ka bi da su ta bayan danga? Ba rumbuna kaka tsarewa ba, maigida. Ranata kaka hana ni."

Halliru ya sunkuyar da kai. "Ban yi wannan tunanin ba."

"Ina za ka yi shi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau keke..."

"Rimi ake cewa."

"Kai ina ka iya hawan rimi? Keken ma ga yadda ya yi da kai."

Dariya ta kuɓuce masa, ya share ido da bayan hannu. "To in kowane gida ya aiko akushi, ke me za ki dafa?"

"Miya. Tuwo na kowa na, miya ta Mero ta. Almu shi kawo kifi mai motsi, ba mai lamba ba."

"Akuyar fa?"

"Tunda ta ɗauki lauya, an sallame ta. Amma zakaran can mai tashe ni tun ba a yi kiran farko ba, shi kam shari'a ta ci shi."

"Akwai biyu da ba Musulmi ba a cikinmu. Ɗaya daga Makurɗi, ɗaya daga Kafanchan."

"Ba su da baki?"

"Suna da shi. Na Makurɗin ma ci gare shi kamar gara."

"To shi na nawa. Shi za ni aure in na sake ka."

"Ba ya jin Hausa sosai."

"Madalla. Miji mai ci ba shi gardama, ina zan samu irin wannan?"

"Gwangwanayen fa? Na riga na saye."

"Ku juye wa kifin gulbi su yi zumunci da 'yan'uwansu. Gwangwanin ka kawo mini, ina son na zuba allura."

Halliru ya zaro alƙalami, ya shimfiɗa takardar a cinya. Ya ja layi kan burodi da shayi, ya tsaya. "Me zan rubuta?"

"Rubuta: ƙarfe ɗaya, gaisuwa wurin uwargidan magatakarda. Ƙarfe biyu, ci. Ƙarfe uku, ci."

"Ƙarfe huɗu fa?"

"Wanda ya iya tashi shi tafi gulbi."

"Ɗanmaliki zai ce motarsa ta yi nauyi a komawa."

"Shi ma a ba shi akushi, sai shi rasa wa zai zarga."

Ya rubuta, yana girgiza kai. Mero ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki. Ya ji tana jan adudu, tana magana ita kaɗai. Da ta fito, riga ce a hannunta, saƙi mai baƙi-baƙi da aiki a wuya, tana ƙanshin kajiji da daɗewar ajiya.

"Tashi tsaye."

"Wannan ai ta marigayi Kaka Atu ce."

"Da ita shika tarbar baƙi. Ba ka tsayawa ƙofar gidan ga ka tarbi mutane da 'yar shat kamar yaron Bature. Sa mu gani."

Halliru ya wanke hannu da sauran ruwan moɗa kafin ya karɓa. Ya zura ta a hankali. Rigar ta sauka har ƙasa, ta rufe ƙafafunsa, hannuwan suka zubo kamar an rataya ta a ƙyaure. Mero ta ja da baya tana kallonsa. Ta kai hannu ta gyara masa kafaɗa, ta daɗe tana gyarawa.

"To?" in ji Halliru. "Na cika ta?"

"Da saura," ta ce. "Sai an sa mutum biyu irinka."

Ya tattare hannuwan rigar ya aza a kafaɗa yadda ya ga manya na yi, ɗaya ya sake zamowa. Ya yi dariya ya durƙusa.

"Na faɗi, amarya. Kin ci."

"Yaushe ka taɓa tsayawa? Tuɓe ta kar ka shafa mata taɓo, ka zo ka kama mini tsinkar ramar ga. In mun gama mu tafi gidan Na'iya, da bakinka za ka faɗa musu Mero ta yi baƙi."