Gayyar da ba a ramawa

Jama'a, ranar Asabar na yi sammako layin mai a Gusau, rana ta take kafin na samu lita huɗu a babur ɗin aro. Ban yi ƙorafi ba, domin Masu Girma sun tabbatar mana cewa layin alama ce ta yawan masu abin hawa.

Kamfanin sayen auduga ne ya ɗauke ni aikin gwaji, albarkacin difilomata. Masu saye daga ƙetare sun ce sai da takardar shaidar ba a tilasta wa kowa tsinkar audugar ba. Ni aka ba takardar in bincika, in sa hannu.

A wani ƙauye bayan Bungudu na tarar da magidanta arba'in suna tsinkar auduga a gonar Mai Girma Uban Talakawa, wanda rabon taki ke hannunsa. Na gaida wani dattijo, Malam Arzika, na ce, "Baba, gafarta, an tilasta maka ne?"

"Haba ɗan boko! Ka ga igiya a ƙafata? Gayya ce. An dai ce wanda bai zo ba, ya nemi takin baɗi wurin uwatai."

"Taka gonar fa?"

"Tana can fari fat. Juma'a za a saki dabbobi, awaki su tsinke mini."

In na sa hannu, na ci amana; in na ƙi, na koma zaman majalisa. Sai na rubuta wa Mai Girma cikin ladabi cewa gayya, a sanina, ramawa ake yi, saboda haka ina jiran ranar da Mai Girma zai rama wa Malam Arzika.

Allah ya ja zamaninsa, bai ɓata lokaci ba. Ranar Laraba ya sa aka yi shela: kowa ya hallara gonar Arzika, wanda bai zo ba babu taki. Shi kansa ya zo, ya tsinki guda uku, aka tafa, ya shiga mota.

Audugar Malam Arzika ta tsira daga awaki. Ni kuwa manajanmu ya ce in je in taya su idan ina son aikina, na wuni a duƙe.

Takardar tana nan a aljihuna. Mai neman sanin ko an tilasta mini, ya zo ya duba ƙafata: babu igiya.