Manoman da Suka Daina Zuwa Gona

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka tura ni wani ƙauye bayan Maska ba. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin gona, an ce in tambayi manoma sau nawa suke zuwa gona a mako, da abin da ke hana su. Kafin mu bar Funtua, malaminmu na ƙididdiga, Malam Haruna, ya yi ta nanata mana: "Ba za ku iya tambayar kowa da kowa ba. Ku rubuta sunayen gidaje, ku zuba a hula, ku zaro ta ƙuri'a. Mai sayen masara ba ya yarda da ta saman buhu, sai ya zura hannu har ciki." Na rubuta, har na ja masa layi.

An tura 'yan ajinmu biyu-biyu, ni kaɗai na rasa abokin tafiya. Aka ba ni ɗaki a bayan firamare, ga shi ana hutu, ba motsin kowa. Waya kuwa ba sabis sai na fita bakin titi. Kwana biyu ina sallama a ƙofar gidajen da ƙuri'a ta faɗa musu, sai dai a amsa daga ciki, "Ba ya nan." In koma ɗaki in jiƙa garin kwaki ina kallon bango.

Rana ta uku da hantsi, wani dattijo, Baba Isiyaku, ya kira ni daga gindin mangwaro. "Ɗan boko, zo ka huta mana." Na tarar da tsofaffi sun miƙe ƙafafu a tabarma. Suka ba ni gasasshiyar masara, suka tambayi lafiyar mutanen gidanmu. Wallahi saura kaɗan in yi hawaye. Daga ranar na zazzage takardun hular na mayar da ita kaina. Kullum ina gindin mangwaro, duk wanda ya zo ya zauna sai in ciro takardar tambaya. (Na ce wa raina ai Allah ne ya kawo shi, wannan ma ƙuri'a ce.)

Bayan mako biyu Malam Haruna ya zo duba aikina. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, mutane cike, wasu da laka har ƙwauri. Na miƙe, na gyara murya.

"Bincikena ya nuna yawancin manoman garin nan sun daina zuwa gona. Babbar matsalarsu kuma ita ce ciwon gwiwa."

Sai mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malam, to masarar da ka ratsa ka shigo garin, aljanu ne suka nome ta?"

Aka kece da dariya. Malam Haruna bai yi ba. Ya ce, "Da wane lokaci kake tambayar?"

"Da hantsi, Malam."

"A tsakiyar damina. A ina?"

Kafin in buɗe baki, Baba Isiyaku ya tashi ya cece ni. "Ai kullum yana wurinmu, yaron kirki ne. Ni ma sau uku ya tambaye ni."

(Ban san ƙafafu na iya yin gumi ba sai ranar.)

Malam ya ƙara mini mako biyu, ya shiga mota ya tafi, ya bar ni tsaye da takarduna. Na sake aikin da ƙuri'a, ina bin gidaje da yamma idan an dawo daga gona. Duk inda na yi sallama sai in ji an ce, "Ga likitan gwiwa nan."

Tun daga nan, idan kowa ya ba ni amsa iri ɗaya, ba na saurin murna. Sai na fara tambaya: wa ye ba ya nan, kuma ina ya tafi?