Duwatsun Rafi da Tukunyar Fate

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin ƙarshe ta wani dogon hutu ba. Damina ta fara ja da baya, masara ta nuna, kowa na shirin komawa makaranta, sai muka ce bari mu yi bankwana da girki a gindin dutsen Kagoro, bakin wani rafi. Mu bakwai ne, amma ni saboda mutum ɗaya na je: Rifkatu, mai jan waƙa a cocinmu. Tun farkon hutu nake haɗa maganar da zan faɗa mata, kuma daga ranar ba ni da wata dama.

To ni a Kaduna na girma, risho da gas kawai na sani. Amma da aka ce wa zai kafa murhu, caraf na ce ni. Na raina duwatsun kan tudu (wai ba su da fasali), na shiga rafi na tsamo guda uku sumul-sumul masu sheƙi.

"Kai, dutse na ruwa ba ya son wuta fa," in ji Rifkatu.

Abokina Bulus ya ce, "Oga, ka ji magana, canza shi."

Na ce, "Ku bar ni, mun karanta wannan a kimiyya." (Allah ya sani, kimiyyar nan sau biyu tana kayar da ni.)

Aka ɗora tukunyar faten acca, yakuwa da gauta da gyaɗa suka shiga, ƙamshi ya tashi. Na matsa kusa da Rifkatu tana juyawa, na gyara murya. Ina kaiwa daidai "In kina tare da ni, babu abin da zai taɓa ki," sai ji muka yi tau! Dutse ya fashe. Ashe ruwan da ya sha ne ke tafasa a cikinsa.

Jama'a, ban san lokacin da na cafki kafaɗunta na ɓuya a bayanta ba. Na mai da 'yar mutane garkuwa ina ihun "Yesu! Yesu!" Bulus ne ya fizge ta gefe kafin tukunya ta kife, ni kuwa da na rasa mafaka na yi baya-baya na zauna daɓas cikin rafi. Fate ya bi ƙasa. Ba wanda ya ƙone, ni kaɗai kunya ta dafa.

Rifkatu ta leƙo ni, muciya a hannu, ta ce, "Ka gama maganan, ko akwai saura?"

Gasasshiyar masara muka ci ranar, ita ma Bulus ne ya gasa.

Bara aka yi aurensu, ita da Bulus. Na je taya aiki, mamarta ta hango ni ta ce, "Ɗana, je ka wajen kujeru, kar ka zo kusa da murhu." Na yi ta ɗaukar kujeru har yamma. Yanzu in mace ta ce dutse ba ya son wuta, mayar da shi rafi nake yi in ce na gode.