Daddawar da ba ta tafi Legas ba

Ko hankalina zai gushe, ba zan manta da ranar da na kwance ƙullin daddawa gaban mai cirar kuɗi a Safana ba.

Ɗana na fari yana Legas. Sunansa ba ya fita bakina, ko an miƙo mini waya sai in ce a gaishe shi. Da can direba yake ba saƙo ya kawo mini har Runka. In shimfiɗa wa direban tabarma, in yi ta kewaye, har ya ce da kansa, “Inna, ya yi ƙiba fa.” Ni kuwa in ɗaura daddawa da kuka a kai masa. Iyakar hirarmu ke nan da yaron, kuma ta ishe mu.

Da hanya ta lalace direba ya daina zuwa, sai aka yi mini katin banki, wai ta nan saƙo zai riƙa zuwa. Na ce to. Na dafa kalwa, na yi daddawar da ba a yin irinta a Runka (a tambaya a ji), na hau akori-kura zuwa Safana.

Saurayin mai cirar kuɗin ya soka katin a ’yar na’urarsa, ya miƙo mini kuɗi. Na gyara tsayuwa.

“Ina wanda ya kawo?”

“Wa, Inna?”

“Ɗan saƙon mana. Ko ruwa ba ku ba shi ba ya juya?”

“Taransifa ce, Inna. Ba kowa.”

Na ɗauka raini ne. Na ɗaga murya, layi na ji, na ce ni ba a aiko mini in mayar da hannu wofi. Na kwance ƙullin a kan teburinsa, wari ya cika rumfar.

“Ga shi, in zai koma ya kai masa.”

Wata ta toshe hanci, layi ya kwashe da dariya. Shi saurayin bai yi ba, kuma wannan ya fi ƙona ni. Ya sunkuyo ya ce, “Inna, ba mai komawa.”

Na ɗaure kayana. A mota na ja gyale na rufe fuska, na ce rana ce.

Yanzu na waye. In miƙa kati, in karɓa, in yi gaba, bakina gum, har yabona suke. Yaron ya rame ne, ya yi ƙiba ne, ban sani ba. Amma kuɗi kam suna zuwa lafiya lau.