Haladu Birni da Sadaukin Zaure

Wani mutum ne a garinmu, ana ce masa Haladu Birni. Ba a birni aka haife shi ba. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Kano, rakiyar buhunan gyaɗa, motar ma ba ta wuce Dawanau ba. Amma in ya zauna a majalisa ya ɗauko labarin cikin badala, sai ka rantse shi ya dasa dutsen Dala da hannunsa.

To, Haladu yana neman auren wata yarinya Saratu, maganar kuwa tana hannun baffanta, Baffa Ilu, dattijo marar yawan magana. Rannan Baffa zai raka ƙanwarsa Gwaggo Tabawa Kano sayayyar biki. Haladu ya ji. Ya sha wanka, ya karya hula, ya tare su a tasha.

"Baffa, ku shiga birni ina raye ba tare da ni ba? Ai sai a yi min dariya."

Baffa ya ce, "To."

Suka sauka, ɗan adaidaita sahu ya kai su bakin Kasuwar Kurmi. Haladu ya wuce gaba yana ɗaga wa mutane hannu. "Alhaji, ya kasuwa?" Masu rumfa suna amsawa kamar yadda suke amsa wa kowa. Sai ya waiwayo. "Kun gani? Duk yarana ne."

Gwaggo ta sayi turaren wuta da faifai da kwanuka. Suka biya marinar Ƙofar Mata, Haladu ya yi bayani cewa shuɗin ruwan daga Bahar Maliya ake kawo shi a tanka. Wani marini ya ɗago kai ya dube shi, ya mayar da kai.

Baffa ya ce, "To."

Sai Gwaggo ta ce, "Haladu, ni gidan tarihin nan da nake ji a rediyo nake son gani, Gidan Makama."

"Gwaggo, ai nan ne wajen hutawata. Ku biyo ni ta yanke."

Suka faɗa lungu. Lungu ya haifi lungu. Rana ta take, Gwaggo tana haki da kaya a ka, Haladu gumi sharkaf, amma ya tambayi hanya? Ina! Can ya hango wani tsohon soro mai zane a goshi, ƙofa a buɗe. Ya yi ajiyar zuciya.

"Mun iso. Ku cire takalma."

Zauren sanyi ƙalau. Ga takobi a rataye, ga buzu, ga tsohuwar buta. A kusurwa kuma ga wani tsoho da rawani, ya jingina da bango, carbi a hannu, ido a rufe, ko motsi.

Haladu ya gyara murya. "Wannan takobin, kai dubu ya sare. Wannan butar kuwa ta girmi Kano."

Gwaggo ta yi ƙasa da murya. "Mu gai da dattijon mana."

Haladu ya yi murmushin tausayi. "Gwaggo ke nan. Ai ba mutum ba ne. Mutum-mutumi ne na wani sadaukin da, Turawa suka ƙera shi da roba. Kullum na zo nan nake tarar da shi."

"Haladu, kamar fa yana numfashi."

"Batir ne."

Baffa ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ce ba ta gamsar da Haladu ba. Ya matsa, ya durƙusa gaban tsohon. "Ku duba gemun, Baffa. Gashin doki ne aka liƙa." Ya kama, ya ja.

Tas!

Hula ta yi gabas, Haladu ya yi yamma, ya zauna daɓas a kan butar da ta girmi Kano.

Tsoho ya miƙe a fusace. "Kai ɗan gidan uban waye? A zaurena? Ina barcina?" Ya shiga laluben sanda.

Baffa ya durƙusa ya yi ta ba da haƙuri, ya ce baƙi ne, yaron kuma rana ce ta taɓa shi. Da ƙyar tsoho ya haƙura, ya nuna musu hanyar titi da bakin sanda.

Suka fito. Haladu yana tafe a baya yanzu, dafe da kunci, shatin yatsu kwance raɗau. Gwaggo ta ce ita dai Allah ya kai ta gida lafiya, Saratu ta sha labari.

Suka isa bakin titi. Nan Baffa ya tsaya, ya juyo, ya ƙare wa kuncin kallo.

"Haladu."

"Na'am, Baffa."

"Gaskiya Bature ya iya aiki. Har mari yake yi."