Uwar Tsawa Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma takaici ya hana ta sakat, Barrak Bu Nawaf na unguwar Rumaisiyya yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk ma'abota manyan motocin Amurka a nan Kuwait, rasuwar motarsa, Uwar Tsawa. Ta cika ranar Juma'ar da ta gabata da hantsi, a filin tsere na kudancin gari, tana da shekara hamsin da 'yan kai. A guje ta mutu, hancinta yana kallon gaba.

Marigayiya baƙa ce wuluk, mai ƙofa biyu, mai dogon hanci da faɗin ƙirji, mai silinda takwas. Barrak ya saye ta tun yana saurayi, a hannun wani injiniyan mai da zai koma ƙasarsu, wanda sai da aka ɓamɓare makullin daga hannunsa. Tun daga ranar ba ta ƙara kwana a ƙofar wani ba.

Duk wanda ya san ta zai shaidi muryarta. Da safe in an murɗa makulli, sai ta yi tari guda, ta ɗan yi jim kamar mai shawarar tashi, sannan ta ce "gurum", tagogin layin duka su amsa. In ta tsaya a danja, "bul-bul-bul" take yi can ƙasan maƙoshi, kamar tukunyar da ta kusa nuna. In kuwa Barrak ya taka mata totur a hanyar bakin teku, wannan sauti ba ya rubutuwa, a ƙirji ake jin sa. Maƙwabta sun yi shekaru suna ƙorafi, har suka gaji suka koma tashin yaran makaranta da shi.

Gaskiya ne ta sha fetur, kuma iyalin ba su musa ba, amma duk abin da ta sha an gan shi a ƙafafunta. Gaskiya ne kuma na'urar sanyinta ta yi murabus tun da daɗewa, abin da Lulwa Ummu Nawaf, matar mai sanarwa, ta dage sai an rubuta. Sai dai a shekarar mamaya, lokacin da sojojin maƙwabciyar ƙasa suka cika gari, ita ce ta kwashi Barrak da Lulwa da tsohuwarsa da yara, ta yanki sahara da su har ƙasar Saudiyya, motoci suna kafewa dama da hagu, ita ko gezau. Nawaf, babban ɗan Barrak namiji, yana jariri a cinyar kakarsa, kuma ba ya barci sai injin yana kunne. Barrak yana so a riƙe wannan, saboda abin da zai biyo baya.

Ciwon ajalinta ya faro ne bara, lokacin da kamfanin da ya haife ta, wanda ba za a ɓata takarda da sunansa ba, ya fito da wata sabuwa ya liƙa mata sunan gidansu. Barrak ya je ganinta tare da amininsa Hamud, shugaban ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci. Suka tarar da wata aba sumul, ba kusurwa ba kafaɗa, kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Suka ɗaga gabanta don su gaisa da inji, suka tarar da akwatin zuba kaya. Batir ne da ita, a bango ake jona ta kamar firiji. A ciki kuwa, inda mutum zai sa ran ganin allurai suna rawa, wani allo ne ya kai faranti, yana yi wa mutum sannu da zuwa. Hamud ya zagaya ta, ya tambayi yaron kanti ta ina ake zuba garin sabulu.

Barrak bai yi dariya ba. Ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo don ya ga salansa, sai ya ga lasifika. Yaron kanti ya yi masa bayani, yana murmushi, cewa daga nan ne rurin yake fita, kuma mutum yana iya zaɓen irin wanda yake so, ko ya rage shi in yara suna barci. Barrak ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Wato bebiya ce kuka rataya wa rediyo," in ji shi.

Daga ranar 'yan ƙungiya suka sa mata suna Firiji, kuma da maganar ta tsaya nan, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Amma da sanyin bana Nawaf ya saye ta. Bai yi shawara da kowa ba. Ranar wata Juma'a da safe, ana zaune a bakin teku inda aka saba jera motoci ana shan gahawa, sai kawai aka waiwaya aka gan ta a tsakiyar mutane. Babu wanda ya ji zuwanta. Har kyanwar da take kwance a gefen hanya ba ta ɗaga kai ba.

Dattawa suka yi masa caa. Wani ya roƙe shi ya ajiye masa ruwa a ciki ya yi sanyi, wani ya tambaya ko tana yin guga. Nawaf yaro ne mai kunya, ya sha duk wannan yana murmushi. Sai da Hamud ya ce da ya haifi ɗan da zai hau wannan, gara ya haifi mai hawan keke, sannan Nawaf ya juya wajen mahaifinsa.

"Baba, ku yi ta dariya. Amma wallahi kafin Uwar Tsawa ta gama tarinta na isa garin Wafra."

Barrak ya ajiye kofinsa, ya ce Juma'a mai zuwa su haɗu a filin tsere.

An yi ƙoƙarin hana shi. Usta Karabet na unguwar Shuwaikh, makanikin da ya duba lafiyar marigayiya tun gashinsa yana baƙi, ya gaya masa cewa injin ya gaji, baƙin mai ba ya hawa yadda ya kamata, ta kai shekarun da za a riƙa fita da ita shan iska kawai. Lulwa ta ce ita dai ta auri yaro ta kuma haifi yaro, Allah ya shirya mata su. Barrak ya saurari kowa, ya wanke motarsa da hannunsa.

Saboda wannan sanarwa ce ta mutuwa, ba a yin ƙarya a cikinta. Da aka ba da hannu, Firiji ta fita kamar dutsen majajjawa. Kafin Barrak ya sa giya ta biyu, bayanta kawai yake hange, lasifikar tana ta haushin aro. Ya riga ya haƙura, ya ce a ransa ya sha kaye a hannun ɗansa, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Sai ya ga ratar tana raguwa. Ya ga ya kamo ta. Da suka jera ya dubi gefe, ya ga Nawaf ta cikin gilashi yana kallonsa da irin fuskar mai riƙe hannun tsoho zai tsallakar da shi titi. Ashe yaron ya ɗaga ƙafa daga kan totur.

Barrak ya iya shan kaye, amma bai taɓa karɓar sadaka a gaban mutane ba, kuma bai ga dalilin da Uwar Tsawa za ta karɓa ba. In dai za ta wuce, to da ƙarfinta za ta wuce. Ya danne totur har ƙasa, allura ta shiga ja ta zarce, ya ƙi ɗagawa. Ta yi wata irin kururuwa da bai taɓa jin ta ba a duk zamansu. Daga nan sai "ƙwas", sai hayaƙi, sai baƙin mai a kan kwalta. Gudun da ta ɗauko ne ya gangara da ita ta tsallake layi, ita ce ta fari, ba rai.

Usta Karabet ya buɗe gabanta, ya ga rami a gefen injin wanda dunƙulen hannu zai shige. Ya cire hularsa, ya rufe ta a hankali. Daga baya ya ce ana iya samo mata wani inji daga Amurka. Barrak ya gode masa, ya ce liƙa tsohon suna a kan baƙuwar zuciya aikin kamfani ne, shi ba zai yi ba.

Nawaf ya zo ya sumbaci kan mahaifinsa, ya ce shi nufinsa kada a yi wa uban dariya a gaban abokansa.

"Da ka wuce ni, ɗana, da yanzu tana raye," in ji Barrak.

Tun ranar, gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ko da yake a faranti ɗaya suke cin shinkafa. Shekaranjiya yaron ya sake gwadawa. Ya ce yana da muryar marigayiya a wayarsa, kuma akwai mai iya sa ta a lasifikar tasa motar, don kada a manta da ita. Barrak ya daɗe yana kallonsa, ya ga idon yaron ya kawo ruwa, ya haɗiye abin da ya zo bakinsa. Ya ce kawai a bar ta ta huta.

Marigayiya ta bar mai gidanta Barrak, da Lulwa, wadda ta yi shekaru tana cewa a sayar da ita amma aka gan ta tana share ido a bakin gareji. Ta bar Usta Karabet, da mai gidan man kusurwa, wanda ya ce shi ma a yi masa ta'aziyya. Ta bar tayar safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da tabon mai a simintin gareji wanda aka hana wankewa, da 'yan uwanta na ƙungiya, kowace tana fama da nata tsufan. Ba ta bar magajiya ba. Duk wadda ta zo da suna manne a baya tana da'awar dangantaka, iyalin ba su san ta ba.

Ba za a kai ta wurin 'yan gwangwan ba. Za a ɗauke ta gobe Asabar bayan la'asar daga ƙofar gida, a bayan janwe, zuwa gonar dabino ta ƙanen Barrak a Wafra, inda aka yi mata rumfa. Barrak zai zauna a cikinta, riƙe da sitiyari. Ana roƙon 'yan ƙungiya su biyo baya a jere, kada kowa ya yi rowar totur. Za a karɓi gaisuwa kwana uku, maza a zauren gidan, mata a ciki. Masu irin sabuwar su ajiye ta a bayan layi su ƙaraso da ƙafa, kuma kada wanda ya tambayi inda zai jona waya.

Janwen ba zai dawo gari ba sai washegari. Barrak ya ce zai biyo Hamud, amma Ummu Nawaf ta yanke cewa ɗansa ne zai dawo da shi, kuma ba a ɗaukaka ƙara a gidan. Saboda haka, duk wanda ya hangi wani dattijo a kujerar Firiji a kan hanyar Wafra, ya ja mayafin kansa ya rufe fuska, ana roƙonsa don Allah ya kau da kai, kada ya ɗaga masa hannu.